Tarihin Ajujuwan Yamma na Manya a Ƙasar Kano: Waiwaye daga Dawanau

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin yadda karatun manya na yamma ya samu a ƙasar Kano, da irin sauye-sauyen da ya fuskanta. An ɗauki Dawanau, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Kano zuwa Katsina, a matsayin madubi. Manufar babin ita ce a nuna cewa irin wannan karatu ba ya ɗorewa sai ya dace da lokacin mai koyo, kuma ya biya masa wata bukata ta rayuwarsa.

2.1 Karatun Manya Kafin Zuwan Boko

Kamar yadda aka sani, neman ilimi bayan an girma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin Turawa su ci Kano a shekarar 1903, akwai makarantun ilimi a zaurukan malamai, inda magidanta ke ɗaukar karatun fiƙihu da tauhidi da nahawu da tafsiri. Akan zauna ne bayan sallar Asuba, ko bayan La'asar, ko tsakanin Magariba da Lisha, wato lokutan da ba su ci karo da neman abinci ba. Kowane ɗalibi da littafinsa, kuma gwargwadon fahimtarsa ake ƙara masa.

Wannan tsari ya dace da karkara irin ta Dawanau. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano cike suke da jama'a, gonaki kuma ƙanana ne, ana noma su kowace shekara da taimakon taki. Da damina manomi ba shi da sukuni. Da rani kuwa yakan shiga fatauci ko wata sana'ar hannu, yamma ce kawai tasa.

2.2 Yaƙi da Jahilci

A shekarar 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna, yana neman a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa. Yaƙi da Jahilci, wanda aka ƙaddamar a farkon shekarun 1950, yana cikin abubuwan da suka biyo baya, kuma Malam Ahmadu Kumasi na cikin manyan jami'an da suka jagorance shi. An buɗe ajujuwa a garuruwa da ƙauyuka, aka riƙa koyar da karatu da rubutun Hausa da ɗan lissafi, yawanci da yamma kuma da rani.

Abin da ya ja hankalin manomi a fili yake. Wanda ya iya karatu zai duba rasit ɗin harajinsa da kansa, zai karanta abin da sikeli ya nuna a wurin awon gyaɗa, zai kuma rubuta wasiƙa ba tare da wani ya ji asirinsa ba. Don kada waɗanda suka koya su manta, Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. To, amma da aka rufe hukumar a 1959, sai abin karantawa mai araha ya ragu. Ɗalibin da ya fita aji bai sami abin da zai riƙa dubawa ba, cikin sauƙi karatun ke zube masa.

2.3 Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe wa yara ƙofa, amma bai taɓa iyayensu ba. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kafa gwamnati a Jihar Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna. A 1980 wannan gwamnati ta kafa Hukumar Ilimin Manya, wadda ita ce irinta ta farko a jihohin Nijeriya. Gwamnatin tarayya ba ta ƙaddamar da nata gangamin na ƙasa baki ɗaya ba sai a 1982, a zamanin Shugaba Shehu Shagari.

Bambancin wannan zamani da na Yaƙi da Jahilci shi ne faɗaɗa fannonin karatu. Bayan matakin farko na karatu da rubutu, an samar da mataki na gaba, inda ake koyar da Turanci da lissafi da kiwon lafiya da sanin ƙasa. Akwai ajujuwan da ke shirya ma'aikata da waɗanda karatunsu ya yanke don zana jarrabawar G.C.E. Haka kuma an buɗe cibiyoyin mata, inda ake haɗa karatu da ɗinki da saƙa da kula da iyali. Akan yi amfani da ɗakunan makarantun firamare bayan yara sun tashi. Wannan aiki ya sa hukumar ta sami lambar yabo daga UNESCO a 1983.

Sai dai shirin ya dogara ne kacokan ga aljihun gwamnati. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya kawo ƙarshen mulkin farar hula, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kuɗin takarda da alawus ɗin malamai suka zama nauyi. A 1990 ne gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin manya, don daidaita ayyukan jihohi.

2.4 Dawanau Bayan Kafa Kasuwa

A 1985 aka kafa kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ana cinikin masara da gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo, masu saye kuma suna zuwa daga kudancin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Wannan ya sauya bukatar mutumin yankin. Tun a 1979 aka soke haraji da jangali a jihar, saboda haka maganar rasit ɗin haraji ta wuce. Abin da ya maye gurbinta shi ne lissafin buhuna, da rubuta bashi, da mu'amala da banki, da jin Turancin ciniki.

Bugu da ƙari, kasuwar ta sauya lokaci. Ajin da aka tsara a kan hutun rani na manomi bai dace da dillali ko ɗan dako ba, domin bayan kaka ne, lokacin da amfanin gona ke shigowa, aikinsu ke tsananta. Wanda ya wuni yana loda mota, da wuya ya zauna a benci da La'asar. Irin wannan ɗalibi ajin dare ne ya fi dacewa da shi, ajin dare kuwa yana bukatar haske da malami mai samun haƙƙinsa a kan kari.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa karatun manya a ƙasar Kano ya bi matakai uku: na zaure, da na Yaƙi da Jahilci, da na Hukumar Ilimin Manya. Na zaure ya ɗore har yau saboda al'umma ce ke riƙe da shi, kuma ya bi lokacinta. Sauran biyun sun yi tashe ne a lokacin da hukuma ta ba su ƙarfi, suka yi sanyi da ƙarfin ya ragu. Ga wuri irin Dawanau, inda gona da kasuwa ke rabon lokacin mutum ɗaya, duk ajin da bai yi la'akari da su biyun ba zai rasa ɗalibai.