Tarihin Ƙara wa Kwamfuta Gudu, da Sharaɗinsa a Ƙasar Zafi

A ƙasar da ke kewaye da tafkin Bakolori, daga Birnin Tudu zuwa Talata Mafara, Bakura da Maradun, kwamfutar tebur ba a sabuwa take isowa ba galibi, sai bayan ta yi aiki a wani ofis na Turai ko Amurka, ta sauka Ikko, ta bi ta kasuwar Ikeja ko titin Beirut na Kano, sannan ta shiga hannun mai shagon buga takardu ko saurayi mai haɗa bidiyon biki. Da yake mai tsohuwar na'ura kullum yana marmarin ta yi aikin sabuwa, samarinmu sun soma jin labarin wata dabara da ake tilasta wa furosesa da katin hoto su yi gudu fiye da haddin da maƙera suka yanka musu, alhali kuwa kaɗan ne suka san asalinta, balle sharuɗɗanta.

Asalin al'amarin shi ne, kowace furosesa tana aiki bisa bugun wani agogo, kuma yawan bugun a daƙiƙa guda shi ne mizanin gudunta. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa, wadda ta biyo baya a 1984 kuwa miliyan 6. Ba a daɗe ba wasu masu basira suka gane cewa in aka cire ɗan dutsen da ke ba da bugun aka sa wani, wannan ta biyun za ta kai miliyan 8 ba tare da ta yi gardama ba. Sababin haka, maƙera suna yanka furosesa masu yawa daga faifai ɗaya, su jarraba su, su rarraba su daraja-daraja, kuma saboda ihtiyaɗi sukan bar rata tsakanin abin da suka rubuta da abin da na'urar za ta iya. Wannan ratar ita ce dukiyar da masu sana'ar suke haƙa tun daga wancan zamani har yau.

Shekarar 1998 ita ce sallar talakawan wannan fanni, domin a cikinta Intel ya fitar da Celeron 300A, mai araha, wadda in aka ɗaga bugun babban allo daga 66 zuwa 100 sai ta tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta yi kafaɗa da Pentium II wadda kuɗinta ya ninka nata sau da dama. Sai dai duk inda riba ta bayyana, ha'inci yana biye da ita: tun kafin haka wasu dillalai sun riƙa kankare lambar da ke jikin furosesa mai rauni, su buga ta mai ƙarfi, su sayar da tsada, wanda kuwa shi ne algus tsantsa, irin wanda malamanmu na fiƙihu suka haramta a kan mai ɓoye aibin hajarsa. Da wannan hujja maƙera suka kulle ƙofar. Masu sana'ar ba su karaya ba. Wajen shekarar 2000 an ga suna goga bakin fensir a kan wasu ƙananan gadoji na furosesar AMD Athlon, baƙin fensirin ya sada wutar, kullin ya buɗe. Daga bisani maƙeran suka ga gara su sayar da abin da suka kasa hanawa, suka fito da furosesa buɗaɗɗu masu harafin K, irin 2500K ta 2011, katin hoto kuma ya sami manhajoji kamar MSI Afterburner. A ƙarshen 2022 har an haura gigahaz 9, amma da ruwan iskar hiliyam mai tsananin sanyi, na ɗan lokaci kaɗan, don gasa kawai.

Darasin da waɗannan shekaru arba'in suka tabbatar guda ne, kuma shi ne ya fi shafarmu: abokan gabar wannan aiki su ne zafi da ƙarfin wuta. Zafin da furosesa ke fitarwa yana ƙaruwa daidai da gudunta, amma in aka ƙara mata ƙarfin wuta, ƙaruwarsa ninki ce a kan ninki, kuma ɓarnar da wuta mai yawa ke yi a ɓoye take, sannu a hankali, har ranar da na'urar za ta soma tuntuɓe ko a kan gudunta na asali. Ko Intel kansa, da duk injiniyoyinsa, ya amsa a 2024 cewa wuta fiye da kima ta lalata wasu furosesarsa na zubi na 13 da na 14, har ya ƙara wa masu su shekara biyu na lamuni. To, ina ga mai shago a Bakura?

Alƙaluman da samari ke kwafowa daga intanet an auna su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 25 ba, alhali a watan Afrilu Talata Mafara takan haura 40, furosesa kuwa takan rage gudu da kanta, don tsira, in ta kusa digiri 100. Ke nan bazara ta cinye kashi mai yawa na ratar tun ba a taɓa komai ba, ƙurar hunturu ta toshe fanka, wutar NEPA da ta janareta kuma suna hawa da sauka. Mahayi ba ya sukuwa da dokin da bai sha ruwa ba a tsakar rana, in dai yana son dokinsa.

Saboda haka ƙa'idar magabatan sana'ar ta fi wajaba a kanmu fiye da kowa: a fara da share ƙura da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa, a nemi sitabilaiza da akwatin wuta na ƙwarai, a ƙara gudu kaɗan-kaɗan, a jarraba kowane mataki na sa'o'i da manhaja irin Prime95 ana duban ma'aunin zafi, kuma a yi jarrabawar da rana tsaka a bazara, ba da asubar hunturu ba. A ra'ayina, rage wa katin hoto wuta ana barin gudunsa yadda yake ya fi amfani a ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Ina roƙon malaman Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara su sanya wannan a cikin abin da suke koya wa ɗalibai, da ma'aunin ƙasarmu. Masu gyara kuma, duk wanda ya ƙara wa na'ura gudu sannan ya tashi sayar da ita, ya ji tsoron Allah ya faɗa wa mai saye.