Tarihin Barasar Turawa a Nijeriya

Tun kafin Turawa su kafa mulki a ƙasar nan, fatakensu suna sauke barasa a Ikko da sauran garuruwan bakin teku. Yawancinta daga Jamus da Holan take zuwa, a akwatuna. Da ita ake sayen manja. Har ta kai a waɗansu kasuwannin Kudu kwalbar barasa ta zama kamar wuri, ana ciniki da ita, ana biyan bashi.

Cikin shekarar 1890 manyan ƙasashe suka taru a Burusel, babban birnin Beljiyam, suka yi alkawarin ba za a kai barasa wuraren Afirka da ba ta riga ta shiga ba. Saboda haka da Gwamna Lugga ya kama mulkin Arewa a 1900, sai ya hana shigowa da ita. Amma a Kudu aka bar ta, gama kuɗin fitonta ne ke riƙe da babban kashi na baitulmalin Gwamnati. Da limaman Mishan suka matsa da kuka, aka naɗa kwamiti a 1909 ya bincika. Kwamitin ya ce bai ga wata babbar ɓarna ba.

To, mai karatu, wannan hukunci akwai gyara a cikinsa. Barasa ba ta nuna aikinta rana ɗaya. A hankali take cin hanta, shekara da shekaru, har hantar ta taurare ta kasa tace jini. Sa'an nan ciki ya kumbura da ruwa, idanu su yi rawaya, wani ma ya yi aman jini. Kafin nan hannu ya soma karkarwa, tunani ya raunana. Mai bincike na 'yan watanni yaya zai ga wannan?

A 1919 aka sake wata yarjejeniya ta hana irin wannan barasa mai araha. Da ta waje ta yi tsada, wajen 1930 mutane suka koyi dafa tasu a ɓoye, watau ogogoro. Ita kuwa ba mai auna ƙarfinta. In aka gauraya ta da wani sinadari da ake kira metanol, ɗan kaɗan yakan makantar, ko ya kashe. Haka ta faru a jihohin Ondo da Ribas a 2015, inda mutane masu yawa suka mutu cikin 'yan kwanaki, waɗansu sun makance tukuna.