Faɗuwa da Wuri: Daga Injin Kwamfuta zuwa Gonakin Kadawa

A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001, ɗalibai kan ɗauki darasin koyon kasuwanci kamar takwarorinsu na sauran jami'o'in Najeriya. Daga cikin kalaman da matasa irinsu ke tsinta a intanet akwai kiran nan cewa mai sabon kamfani ya yi saurin faɗuwa domin ya yi saurin koyo. Kalamin yana da asali, kuma asalin ya fi yadda ake yayata shi hankali.

Masana kwamfuta ne suka fara amfani da shi. A 1985 Jim Gray na kamfanin Tandem a Amurka ya bayyana cewa nagartaccen sashen na'ura shi ne wanda ko dai ya yi aiki daidai, ko ya tsaya nan take, domin kada ɓarnarsa ta bazu. Kamfanin Toyota na Japan ma ya daɗe da bai wa ma'aikaci damar jan igiya a dakatar da layin haɗa motoci da zarar ya ga aibi. Littafin Eric Ries, The Lean Startup, na 2011, shi ya yaɗa tunanin a tsakanin masu sababbin kamfanoni: a gwada abu ƙarami, a auna sakamako, a sauya hanya tun jari bai ƙare ba. Manufar ita ce a tsare asara tun tana ƙarama.

Ƙasar Kano ta san wannan hikima tun da jimawa. Da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai za a noma wa masaƙun Ingila. Manoma da fatake sai suka karkata ga gyaɗa, har abin da Najeriya ta fitar ya tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Farashinta ya fi tsoka, sannan idan kasuwa ta faɗi iyali za su ci gyaɗa, alhali ba a cin auduga. Gwaji ne da ko ya ƙi, ba zai rushe gida ba. Daga cinikinta ne Alhassan Ɗantata ya bunƙasa.

Labarin Kadawa ya nuna ɗaya fuskar. A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a can, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. Cikin 'yan watanni tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, aiki ya tsaya. An sake buɗewa a 2019, amma samun isasshen tumatir ya ci gaba da wuya, musamman idan farashin kasuwa ya zarce na masana'anta. Injin an girka shi da girmansa kafin a tabbatar da abin da zai ciyar da shi. Babban kamfani yana iya jure shekaru a rufe. Manomin da ya ci bashin taki bisa tsammanin mai saye, damina ɗaya ko rani ɗaya ya isa ya durƙusar da shi.

Nan ne ake karkatar da kalamin. Wasu sun mai da shi lasisin ganganci da kuɗin mutane, wasu kuma ado, kamar faɗuwar ce abin alfahari. Hatta Facebook ya ajiye takensa na yin sauri ko da za a yi ɓarna a 2014. A Amurka mai zuba jari kan raba kuɗinsa a kamfanoni da dama, yana sane yawancinsu za su mutu. A Wudil kuwa jarin matashi sau da yawa adashen mahaifiyarsa ne, ko kuɗin sa da aka sayar a kara ranar Juma'a, kuma tare da kuɗin akwai amana da sunan gida.

Saboda haka, kafin a soma kowane gwaji, ya kamata a san iyakar abin da za a iya asara, da alamar da za ta sa a tsaya, da kuma wanda asarar za ta hau kansa, a kuma tabbatar ya sani ya yarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya gwada da kadada ɗaya ya faɗi ya sayi ilimi da araha, kuma yana da sauran ƙarfin komawa gona baɗi.