Tarzomar Hull: yadda kotu ta fara leƙa bayan katangar kurkuku

1/ Jama'a, idan aka zargi fursuna da karya dokar gidan yari, aka hukunta shi a can ciki, wa zai duba ko an yi masa adalci? A Ingila an daɗe amsar ita ce: babu kowa. Bari in ba ku tarihin yadda abin ya canza. 🧵

2/ A ƙarshen Agustan 1976 tarzoma ta ɓarke a kurkukun Hull. Fursunoni suka haye rufi, aka yi kwanaki ana ɗauki ba daɗi, aka yi ɓarna mai yawa.

3/ Da ƙura ta lafa, sai aka gurfanar da su gaban kwamitin sa ido na gidan yarin. Ba kotu ba ne fa, amma yana da ikon soke rangwamen kwanakin da ake yi wa fursuna. Wasu suka rasa kusan shekara 2. Kun ga an tsawaita musu zama ba tare da alƙali ba.

4/ Wani fursuna, St Germain, da 'yan uwansa suka garzaya kotu, suka ce ba a saurare su yadda ya kamata ba. Babbar Kotu ta ce ba ruwanta, ladabtarwa harkar cikin gida ce.

5/ A 1978 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ina! Tunda kwamitin aikin shari'a yake yi, dole ya bi ƙa'idar adalci, kuma kotu na da hurumin dubawa. A 1979 aka soke wasu hukunce-hukuncen, saboda an hana kiran shaidu, an kuma dogara da "an ce, an ce".

6/ Ku lura, abin da ya fi burge ni kenan: kotu ba ta ce ba su yi laifi ba. Hanyar da aka bi wajen kama su da laifin ta duba.

7/ Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1988, a shari'ar Leech, aka ce hukuncin shugaban gidan yari ma kotu za ta iya dubawa. Tun 2002 kuma, a Ingila, alƙali daga waje ne kaɗai ke iya ƙara wa fursuna kwanaki.

8/ Ɗauri yana raba mutum da 'yancin yawo, amma bai raba shi da haƙƙin a ji ta bakinsa ba. Inda babu mai leƙawa, a nan zalunci ke samun wurin kwana.