Tuwo a Ƙasar Funtua da Malumfashi: Tarihinsa, Ire-irensa da Ladubban Cinsa

Tuwo abinci ne da ake tuƙawa da garin hatsi a tafasasshen ruwa har ya yi tauri, a kwashe shi malmala-malmala, a ci da miya. Shi ne abincin dare na yawancin gidajen ƙasar Hausa, wanda ya kwana kuma a yi ɗumamensa da safe. A Mahuta da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kafur, da Malumfashi da Bakori da Funtua, tuwon masara ne ya fi yawa a yau, har yaro mai tasowa kan ɗauka haka aka gada tun kaka da kakanni. Alhali dattijon da ya haura shekara sittin da tuwon dawa aka yaye shi. Hausawa na cewa ba a sauya wa tuwo suna, to sunan yana nan, amma hatsin da ke cikin tukunya, da mazubin, da wurin da ake zama a ci, duk sun sauya cikin shekara hamsin.

Asalin hatsin

Gero da dawa 'yan asalin Afirka ne. Masu binciken kufai sun samo shaidar noman gero a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali tun wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, da shaidar noman dawa a gabashin Sudan, kusa da Kassala, tun wajen shekara 3,000 kafin haihuwarsa. A kufan Nok, a kudancin jihar Kaduna, an tono ƙonannun ƙwayoyin gero da wake. Jar shinkafar Afirka ma tana da tarihin sama da shekara 2,000 a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali. Masara ce baƙuwa. Daga Meziko ta fito, ba ta shigo Afirka ta Yamma ba sai bayan shekarar 1500.

Yawan ruwan sama ne ya raba wa kowane yanki hatsinsa. Arewacin Katsina da Daura, inda ƙasa ke da jigawa damina kuma gajera ce, gero ya fi karɓa. Kudu kuwa, inda ruwan shekara ke kai wajen milimita 1,000 ƙasar kuma mai nauyi ce, dawa ce sarauniya, musamman farafara da kaura. Gero a nan ya fi tafiya wajen fura da kunu da koko. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ambaci tuwo da fura a cikin abincin da ya tarar mutane na ci. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara sunayen ire-iren dawa masu yawa, abin da ke nuna zurfin sanin da manoma suka yi mata. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da daka da niƙa da rabon tuwo a gidajen ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya, maƙwabtan wannan yanki.

Yadda masara ta karɓe tukunya

Har zuwa farkon shekarun 1970 masara abar bayan gida ce. Ana shuka ta inda toka da kashin dabbobi suka taru, ta nuna da wuri, a gasa ko a dafa a rage zafin yunwar tsakiyar damina kafin gero ya iso. Ba a yi mata babbar gona, domin tana da cin taki, manomi kuwa takinsa na gona mai nisa ba ya isa. Kuɗin manomin wannan yanki a auduga yake, tun da jirgin ƙasa ya iso Funtua a ƙarshen shekarun 1920, abincinsa kuma a rumbun dawa.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, gwamnati da Bankin Duniya suka kafa manyan ayyukan raya noma guda uku, a Funtua da Gusau da Gombe. Na Funtua ya gudana daga 1975 zuwa 1980, ya haɗa da ƙasar Malumfashi, wadda Kafur da Mahuta ke cikinta a lokacin. Aikin ya fitar da hanyoyin karkara, ya gina cibiyoyin sayar da kayan noma kusa da ƙauyuka, ya baza malaman gona. Abu biyu da ya kawo su suka juya tukunya. Na farko takin zamani, wanda gwamnati ke ɗauke da mafi yawan kuɗinsa a wancan zamani na arzikin man fetur. Na biyu sabon irin farar masara mai suna TZB, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar. Manomi ya zuba buhun taki ga dawa ya ga ɗan ƙari, ya zuba wa wannan masara ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ga ta fara, garinta na yin tuwo mai kyan gani, ga 'yan kasuwar kudu da masu abincin kaji na jira da motoci. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ta zama babban abin nomawa, na ci da na sayarwa, kasuwanni irin su Dandume da Funtua da Bakori suka shahara da ita.

Akwai wani abu na uku da ba a cika ambata ba, wato injin niƙa. Ƙwayar masara tana da tauri, dakanta a turmi ko niƙanta a dutse wahala ce babba. Da ba don injuna sun bazu a ƙauyuka a daidai wannan lokaci ba, da wuya mata su yarda da ita a matsayin abincin kullum, kome yawanta a rumbu. Injin ya sauke wa mata nauyin da suka daɗe suna ɗauka, wannan alheri ne da babu mai musunsa. Sai dai ya tafi da luguden 'yan mata a bakin turmi da waƙoƙin niƙa, waɗanda yanzu sai a bakin tsofaffi.

Dawa ba ta ɓace ba. Tsofaffi da yawa har yau ita suke nema, suna cewa ta fi riƙe ciki. Duk shekarar da taki ya yi tsada, kamar yadda aka gani daga 2022, wasu manoma kan koma mata, don tana haƙuri da ƙasa maras ƙarfi.

Tuƙi da miya

Hanyar tuƙi ɗaya ce ko da garin wane hatsi. A surfa a fitar da dusa, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe da rariya. Idan ruwa ya tafasa sai a yi talge, wanda wasu ke kira ruɗe, a bar shi ya dahu, sannan a riƙa zuba gari ana tuƙawa da muciya har gudaji su mutu. A rufe ya turara, a kwashe da mara. Abin da ya kama a gindin tukunya shi ne ƙanzo, ba a zubar da shi. Masu tuwon dawa kan jefa 'yar kanwa.

Tuwon shinkafa shi ba gari ake yi ba, dafa ƙwayar ake yi ta yi lugub sannan a tuƙa. A da abincin Sallah ne da suna da saukar babban baƙo, ana haɗa shi da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa. Ya fara zama na yau da kullum ne a gidajen masu hali bayan shinkafar waje ta cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1970, sannan noman ta gida ya ƙaru bayan rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Akwai tuwon alkama, da na acca, da na Semovita wanda kamfanin Flour Mills ke yi, da na alabo a lokacin ƙunci.

Miya ce ke bambanta daren yau da na jiya: kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, karkashi, lalo, yakuwa, zogale. Ginshiƙinta daddawa ce ta kalwar ɗorawa, ko da yake dunƙulen ɗanɗano na kamfani ya rage mata fada. Man shanu soyayye a kan miyar kuka alamar karamci ce.

Ladubban ci

Ladubban cin tuwo daga tushe biyu suka fito. Ɗaya addini ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ana karanta shi a makarantun zaure na ƙasar Hausa, kuma yana da babi guda a kan ci da sha. A can ɗalibi ke samun yin Bisimilla a farko da hamdala a ƙarshe, da ci da hannun dama, da cin abin da ke gabansa idan ana tarayya, da barin kai wata loma kafin a haɗiye ta baki, da hanin hura abinci, da suɗe hannu kafin a goge, da barin wuri a ciki don ruwa da numfashi. Waɗannan sun shiga jinin jama'a har wanda bai taɓa buɗe littafin ba yana tsawata wa ɗansa a kansu.

Ɗaya tushen kunya ce da sanin girma. Matar da ke da girki ita ke rabo, kuma rabon yana da tsari: kwanon maigida, na samari, na yara, na mata, da abin da za a miƙa wa almajiri. Maza a zaure ko ƙofar gida, mata a cikin gida. Ana kawo ruwan wanke hannu, babba ya fara. Yaro ba ya riga babba sa hannu, ba ya kai hannu ga nama sai an raba an ba shi, sau da yawa kuma shi ke dafe bakin kwano da hagu don kada ya juya. Babba kan tsame hannu da wuri ya bar wa ƙanana sauran. Ba a yawan surutu, wanda daɗi ya kwashe har ya shiga zuba magana kuwa a ce ya yi santi. Duk wanda ya iso ana ci, sai a ce masa “Bisimilla”, ko da tuwon bai kai ya kawo ba. In ya ƙoshi ya amsa da “Alhamdu lillahi”. Suruki ba ya sakin jiki ya ci a gaban iyayen matarsa, amarya ma haka take da uwar mijinta. Magidanci ya tsaya a titi yana ci, abin faɗa ne.

Mafi darajar waɗannan al'adu ita ce ciyayya. Bayan sallar Magariba ko Isha'i magidantan unguwa kan fito da akusansu wuri guda, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Wanda gidansa aka yi miya mai nama da wanda nasa ko mai babu, duk hannunsu a kwano ɗaya. Idan kwanon wani ya daina fitowa, maƙwabta sun san halin da gidan ke ciki ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba, sai a san yadda aka yi aka taimaka masa cikin sutura. Ciyayya tana nan a ƙauyuka, amma ta yi rauni a Funtua da Malumfashi, inda gidajen haya da zaman kowa tasa ta fisshe shi suka yawaita, rashin tsaro kuma ya rage zaman dare a waje a wurare da dama.

Mazubi ma ya bi zamani. Baƙin akushi na itace da faifan rufi suka ba da wuri ga langa da samira, su kuma suka ba da wuri ga kula. Yanzu har a leda ake ƙulla malmala da zafinta. Tana hana tuwo bushewa, amma a ra'ayina ba ta kai akushi ba, ko wajen lafiyar mai ci ko wajen tsabtar unguwa.

A idon duniya

Cin abinci da hannu bisa ƙa'ida ba na Hausawa kaɗai ba ne. Sushi na mutanen Japan ya faro ne a matsayin dabarar adana kifi cikin shinkafa mai tsami. A shekarun 1820, a birnin Edo wanda yanzu ake kira Tokiyo, aka fara sayar da dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, ana kuma danganta shi da wani mai abinci Hanaya Yohei. Har yau ba laifi ba ne a ɗauke shi da yatsu a kai baki loma guda. Mutanen Japan sun rubuta tarihin abincinsu da ladubbansa daki-daki, hukumar UNESCO kuma ta sa al'adar girkinsu cikin jerin gadon duniya a 2013. Nsima, tuwon masarar mutanen Malawi, ya shiga jerin a 2017, kuskus na Arewacin Afirka a 2020, dafa-dukan shinkafa da kifi ta Senegal a 2021.

Tuwo bai shiga ba tukuna. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne matan da suka yi niƙa a dutse, da manoman da suka ga zuwan aikin Funtua da idonsu, suna raye a Mahuta da kewaye, amma sun manyanta. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi, a Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, ku je ku zauna da su ku rubuta abin da suka sani tun suna iya ba da labari.