Tsohuwar Hamadar da Haɗeja ke Zaune a Kanta

A gaɓar tekun ƙasar Peru, kusa da garin Pisko, akwai tashar da manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido ke yada zango na yini guda. Da yawa daga cikin fasinjojin ba sa tsayawa kallon teku. Mota suke shiga zuwa filin jirgin sama, a auna nauyin kowannensu, a zaunar da su a ƙaramin jirgi inda kowa ke da tagarsa, a tashi da su zuwa sararin hamadar Nazka. Tafiya da dawowa kan ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi, kuma idan hazon safe ya ƙi washewa, shirin kan rushe, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Abin da suke biyan kuɗi su gani zane-zane ne da mutanen da suka yi a doron ƙasa kimanin shekara 2,000 da suka wuce: biri, da gizo-gizo, da tsuntsu mai tsawon mita 90 da ɗoriya, da miƙaƙƙun layuka masu tsawon kilomitoci. An yi su ne ta hanyar kawar da jajayen duwatsun saman ƙasa har farar ƙasar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Mai tafiya a ƙasa zai iya ratsa su ya ɗauka turba ce kawai. A 1994 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Haɗeja ba ta da teku, kuma babu kamfanin da ke sayar da tikitin shawagi a samanta. Amma tana zaune a kan wani zanen da ya ninka na Nazka girma da tsufa, wanda shi ma ba ya karantuwa sosai sai daga sama. Iska ce ta yi shi. Tarihin yadda aka gane shi ya shafi tambayar da manoma da masunta da makiyayan kwarin ke yi har yau: me ke cinye ruwansu?

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Haɗeja ya san yadda ƙasar take: a hau ɗan tudun rairayi mai gero da gawo, a gangara fadama mai laka, a sake hawa wani tudun. Irin wannan ƙasa mai rairayi ita Bahaushe ke kira jigawa, kuma ita ta ba jihar da aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta, 1991 sunanta. Daga ƙasa, tuddan kamar a warwatse suke. Daga sama kuwa a jere suke, dogaye, sahu-sahu, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato daidai hanyar da iskar hunturu ke bi. Tsofaffin tuddan hamada ne, irin waɗanda ake gani yau a tsakiyar Sahara, sai dai waɗannan ciyawa da itatuwa sun daɗe da ɗaure su.

Jirgin sama ya fara zuwa wannan sashen duniya ne a 1925. Ranar 27 ga Oktoba, jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka bi ta Khartoum da El Fasher da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Maiduguri, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano. A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi sun bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Matuƙan ba masu bincike ba ne, amma a wani wurin irinsu sun riga sun nuna amfanin kallon ƙasa daga sama: masu kai wasiƙu tsakanin Alƙahira da Bagadaza a shekarun 1920 ne suka fara ba da labarin manyan shingayen duwatsu a hamadar Jodan, waɗanda daga baya aka gane tarkunan farauta ne na mutanen da.

A daidai wannan zamani aka tayar da wata muhawara game da Arewa. Wani farfesan gandun daji daga Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya zagaya yankin a 1934, da rani. Ya ga rairayi da busasshen daji, ya rubuta maƙala a 1935 yana gargaɗin cewa Sahara na tahowa kudu, tana barazana ga ƙasar Kano. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin ya tarar da wuraren da noma da kiwo suka gajiyar da ƙasa, amma bai sami hamadar da ke tafiya kudu kamar runduna ba. Duk da haka tambayar ta rage: idan ba hamada ce ke shigowa ba, daga ina wannan rairayi ya fito?

Amsar ta fito fili bayan yaƙi. A 1946 Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, jirage suka riƙa ɗaukar hotunan ƙasa a jere domin zana taswira. A 1958 wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Cambridge, A. T. Grove, ya wallafa maƙala a kan abin da ya kira tsohon tekun rairayin ƙasar Hausa. Ya nuna cewa tuddan da ke tsakanin Kano da Barno ragowar wata hamada ce da ta mamaye wurin tun da daɗewa, sannan ta janye. Hujjar mai sauƙi ce. Tudun rairayi ba ya tafiya sai inda ruwan sama bai wuce kimanin milimita 150 a shekara ba, Haɗeja kuwa kan sami kusan ninki huɗu na wannan. Ke nan an yi zamanin da ƙasar ta fi yau bushewa nesa ba kusa ba. Binciken da ya biyo baya ya danganta babban ɓangare na wannan fari da lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da bakin Sahara ya gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci. Rairayin da Stebbing ya gani sawun hamadar da ta tafi ne.

Bayan fari, ruwa ya dawo da yawa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, kuma tsohuwar gaɓarsa tana nan, doguwar kunyar rairayi da ta ratsa Maiduguri da Bama. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.

A wannan haɗuwa ta tsohon rairayi da sabon ruwa aka sami kwarin Haɗeja. Kogin Kano da na Challawa sukan haɗu su zama Kogin Haɗeja. Bayan ya wuce Wudil sai ya bar ƙasar dutse ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi, inda gangara ta yi ƙaranci. Nan tuddan suka tare masa hanya, dole ya rarrabu ya bi kwarurukan da ke tsakaninsu, ya zama rassa irin su Kafin Hausa da Marma da Burum Gana, kafin abin da ya rage ya haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe. A watannin Agusta da Satumba ruwa kan cika kwarurukan, tuddan su zama kamar tsibirai. Tsarin rayuwar yankin ya ginu a kan wannan: gari da gero a tudu, shinkafa a fadama, kifi idan ruwa ya cika, wake da kayan lambu idan ya janye, ciyawar shanu da rani, ga goruba da kanwa. Ruwan da ya kwanta kan tsuma cikin ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin. Tsofaffin garuruwa irin su Auyo da Garun Gabas, wadda ake cewa ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai, a wannan ƙasa suka kafu. Tsuntsaye ma sun san ta: ban da dinya da kirinjijiya na gida, dubban agwagin ruwa kan ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan.

Amfani na biyu da aka yi da kallon sama shi ne awon ruwa. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. An gina su domin noman rani da ruwan shan birnin Kano, kuma ta Tiga ta zo daidai da shekarun fari na 1970 da 1980. Mutanen ƙasa da Haɗeja sun ga ambaliyar da suka dogara da ita tana raguwa, amma kowane ƙauye abin da ke gabansa kawai yake iya shaida. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya. Cikin ayyukansa akwai shawagi da ƙaramin jirgi a ƙarshen damina domin zana iyakar ruwa. Da aka gwada da tsofaffin hotuna, sai aka ga a 1969 da 1974 ruwa ya rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, a 1993 kuwa bai kai 500 ba. Masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, suka ɗora lissafi a kan waɗannan alƙaluma, suka nuna cewa ribar noman rani a sama ba ta maye gurbin ko rabin asarar noma da su da itacen da aka yi a ƙasa ba. Wannan lissafi ya zama babbar hujjar masu adawa da kammala madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda har yanzu ba a gama ba.

Akwai ɓangaren yawon buɗe ido a labarin, sai dai bai yi ƙarko ba. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona a matsayinsa na shugaban asusun kare namun daji na duniya. A 2000 Tafkin Nguru da rafin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, Baturiya ta biyo baya a 2008. Amma baƙin ba su taɓa yawa ba, kuma rashin tsaron da ya addabi arewa maso gabas daga 2009 ya ƙara rage su. Nazka ta zama kasuwa ne domin ta sami mai tsaye mata, Maria Reiche, Bajamushiyar da ta shafe fiye da shekara 40 tana aunawa da gadin zanen har rasuwarta a 1998, ta kuma sami hanya da filin jirgi da tashar ruwa a kusa. Zanen Haɗeja kuwa gona ce da wurin kiwo, kuma darajarsa tana cikin abin da yake ciyarwa.

Matsalar yau ta sha bamban da ta 1993. Sakin ruwa daga madatsun duk shekara ya sa wasu rassan ba sa bushewa da rani, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru. Ruwan ya karkata zuwa Marma, yana cinye gonaki da gidaje a hanyar Haɗeja zuwa Nguru, yayin da wasu rassan suka ƙafe. A 2022 ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Jigawa. A ƙasar da tazarar tudu da kwari ba ta wuce 'yan mitoci ba, toshewar rafi ɗaya kan sauya makomar ƙauyuka da dama, kuma da wuya a ga inda toshewar ta fara sai daga sama.

Abin da ya sauya shi ne wanda ke iya kallon. A zamanin Grove hotunan suna ofisoshin safiyo, a zamanin shirin dausayi sai an yi hayar jirgi da kuɗin waje. Tauraron ɗan adam na Landsat ya fara ɗaukar hoton duniya a 1972, shekara biyu kafin Tiga, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne. Na Turai mai suna Sentinel-2 kan sake ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana biyar. Malamin makaranta a Guri, ko injiniya a hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ko ɗan majalisa a Dutse, kowannensu na iya buɗe hoton shekarun 1970 ya ajiye kusa da na Satumbar bara, ya ga sahun tuddan yadda iska ta bar su, da inda ruwa yake kwanciya a da, da inda kacalla ta tura shi yanzu.