Sana'ar Ginin Shafukan Intanet a Kaduna da Tarihin Sabunta Ginshiƙansu

Kowane shafin intanet da ake yin rajista a cikinsa, ko biyan kuɗi, ko duba sakamakon jarrabawa, a kan wata manhaja yake zaune wadda ke yi masa aikin ginshiƙi. Ita ce ke karɓar buƙatar mai amfani, ta tantance kalmar sirrinsa, ta nemo abin da yake so daga rumbun bayanai, ta mayar masa da amsa. Mai ginin shafi ba ya rubuta waɗannan daga tushe. Yakan ɗauki ginshiƙin da wasu suka riga suka yi, kamar Laravel ko Django ko Ruby on Rails, ya ɗora nasa aikin a kai. Masu ginshiƙin kuwa suna fitar da sabuwar siga lokaci zuwa lokaci, sannan su janye hannu daga tsohuwa. Wannan ne ya haifar da wani reshe na musamman a cikin sana'ar: auna shafin da ke aiki, da tsara yadda za a ƙaurar da shi zuwa sabuwar siga ba tare da jama'a sun rasa hidimarsa ba.

Tim Berners-Lee ne ya buɗe shafin intanet na farko ga duniya a 1991, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva. Shafukan farko rubutu ne kawai da ake karantawa. A 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, harshen da ya sauƙaƙa haɗa shafi da rumbun bayanai. Bayan kusan shekara 10 aka shiga zamanin ginshiƙai: WordPress ta fito a 2003, Ruby on Rails a 2004, Django da Joomla a 2005, Laravel kuma a 2011. Django ta samo asali ne daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na Jihar Kansas a Amurka, inda ake buƙatar gina shafuka cikin gaggawa. Dukansu kyauta ake ba da su, abin da ya sa suka bazu har zuwa ƙasashen da ba su da ƙarfin sayen manhaja mai tsada.

Kaduna ta tarbi wannan fasaha ne a matsayinta na garin mulki da takardu. Tun 1917 da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, arewacin kogin Kaduna ya zama mazaunin sakatariya da ma'aikatu da rumbunan fayil. A nan kuma cibiyoyin da suka yaye ma'aikatan fasaha suka kafu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta fara a 1956 ta zama foliteknik a 1968, tana Tudun Wada. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da aka kafa a 1977, a Kaduna hedikwatarta take, kuma ita ce ke tsara manhajar karatun da foliteknik na ƙasar nan ke bi, har da na ilimin kwamfuta. Jami'ar Jihar Kaduna ta zo a 2004, a kan titin Tafawa Balewa.

Zuwan wayar salula a 2001 da buɗe shagunan intanet a cikin gari suka fara saba wa jama'a da cike fom a kan allo. Sannu a hankali makarantu da hukumomin jarrabawa suka mayar da rajista zuwa intanet. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. A cikin 2015 ɗin ne gwamnatin Jihar Kaduna ta rungumi tsarin asusun bai ɗaya, aka kuma yi dokar kafa KADGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a kwamfuta. Daga wannan lokaci takardar fili da kuɗin haraji da gurbin karatu suka dogara ga shafuka, buƙatar maginansu ta ƙaru, matasa da yawa suka shiga sana'ar, wasu da takardar makaranta, wasu da koyo a hannun na gaba da su.

A shekarun farko PHP ce ta fi yaɗuwa a tsakanin maginan Najeriya, domin kyauta ce kuma hayar wurin ajiye shafinta ba ta da tsada. Yadda ake ba da aikin ma ya bi tsarin kwangilar da aka sani: a yi ciniki, a gina, a yi bikin ƙaddamarwa, a biya, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai ake ware kuɗin kula da shafi bayan miƙa shi ba. Sau da yawa wanda ya gina yakan bar gari ko ya sauya aiki, ya tafi da sanin yadda abin yake a cikin kansa, babu rubutaccen bayani. Shafin yakan ci gaba da aiki shekara da shekaru, har mai shi ya ɗauka ba ya buƙatar komai.

Abubuwan da suka faru a duniya ne suka rushe wannan tunani. A Disambar 2015 aka fitar da PHP 7, wadda ta cire tsohuwar hanyar magana da rumbun bayanai na MySQL da dubban shafuka ke amfani da ita, duk da an yi gargaɗi tun 2013. A ƙarshen 2018 aka daina kula da PHP 5.6 gaba ɗaya. Duk shafin da aka rubuta da tsohuwar hanyar, ranar da kamfanin haya ya sabunta na'urorinsa sai ya daina buɗewa. Harshen Python ya sha irin wannan wahala mai tsawo. An fitar da Python 3 a Disambar 2008 ba tare da ta dace da Python 2 ba, jama'a suka ƙi ƙaura, har aka ɗage ranar rufe tsohuwar daga 2015 zuwa 1 ga Janairun 2020. Django ta yanke hulɗa da Python 2 a sigarta ta 2.0 a Disambar 2017. Kamfanin Google ma ya sake rubuta ginshiƙinsa na AngularJS daga tushe a 2016, ya daina kula da tsohuwar a ƙarshen 2021, masu amfani da ita suka ga cewa ƙaurarsu kusan sabon gini ce.

Babban darasi ya zo daga kamfanin Equifax na Amurka mai tattara bayanan bashi. A Maris na 2017 masu ginshiƙin Apache Struts suka sanar da wata kafa da ɓarayi za su iya bi, suka fitar da gyara. Kamfanin bai sa gyaran a kan dukan na'urorinsa ba. Cikin watanni kaɗan masu kutse suka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince ya biya aƙalla dala miliyan 575. Tun daga nan aka daina kallon sabuntawa a matsayin ado, ta zama maganar tsaro da amana.

Waɗannan wahalhalu suka sa masu ginshiƙai suka tsara aikinsu. Yawancinsu yanzu suna bin lamba mai kashi 3: ta farko na sauyawa idan an yi canjin da zai iya karya tsohon aiki, ta biyu idan an ƙara sabon abu, ta uku idan gyara ne kawai. Suna kuma wallafa jadawalin ranar da kowace siga za ta daina samun kulawa. Django na fitar da siga kusan kowane wata 8, kuma duk bayan shekara 2 tana fitar da mai dogon zango wadda ake kula da ita shekara 3. Laravel na fitar da babbar siga kowace shekara, da gyaran tsaro na shekara 2. Don haka mai shafi yana iya sanin ranar da ginshiƙinsa zai tsufa tun kafin a fara aiki.

Hanyar aunawa da ƙwararru suka daidaita a kai tana farawa da ƙidaya. Ana rubuta sigar ginshiƙin, da ta harshen, da ta rumbun bayanai, da duk ƙananan manhajojin da aka aro aka haɗa, domin galibi ɗaya daga cikin waɗannan ce wanda ya ƙirƙire ta ya yi watsi da ita, ita ce kuma ke hana tafiya. Sai a karanta bayanin canje-canjen kowace siga da ke tsakanin inda ake da inda za a je, a fitar da wuraren da za su karye. Sai a duba ko akwai gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta don tabbatar da cewa shiga da biyan kuɗi da buga rasit suna aiki. Idan babu, su ake fara rubutawa. Bayan haka ne ake iya kiyasta lokaci da kuɗi, a kuma yanke shawara ko sabuntawa za a yi ko sake gini.

Wajen aiwatarwa, ba a tsallake siga da yawa a tashi ɗaya. Daki-daki ake hawa, ana gwadawa a kowane mataki. Ana yin aikin a kan kwafin shafin da jama'a ba sa gani, a ajiye cikakken kwafin bayanai a wani wuri daban, a kuma shirya hanyar komawa baya idan abin ya ƙi. Zaɓen lokaci na da nauyi ƙwarai a gari irin Kaduna. Kamar yadda ake gyaran rufin ɗaki da rani kafin damina ta faɗi, shafin makaranta a lokacin hutu ake taɓa shi, ba a makon rajista ba, na albashi kuma ba a ƙarshen wata ba. Haka nan ana tanadar wuta da intanet na ko-ta-kwana, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar sauya rumbun bayanai na iya lalata shi.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a a 2019, sannan aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Makaranta ko asibiti ko ma'aikatar da ke gudanar da shafi a kan sigar da aka daina kula da ita tana jefa sunaye da lambobin waya da takardun jama'a cikin haɗari, kuma alhakin yana wuyanta. Saboda haka kwangilar ginin shafi ba ta cika ba sai ta ƙunshi rubutaccen bayanin aikin, da miƙa ainihin rubutun manhajar ga mai shi, da kasafin kuɗin sabuntawa na kowace shekara.